Neman shawara: sunayen zamunna a Turanci da harshen Tai sun tsayar mini da aiki

Ɗalibi a Isan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya san harshen Tai ko ilimin duwatsu ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Ina karatun digiri na biyu a fannin ilimin duwatsu da tarihin ƙasa a wata jami'a da ke yankin Isan, arewa maso gabashin Tailan, inda aka haƙo ƙasusuwan dainoso irin su Siamosaurus da aka raɗa wa suna a 1986 da Phuwiangosaurus na 1994. Tallafin karatun da nake samu yana da sharaɗin in riƙa yi wa sashenmu wasu ayyuka, kuma daga cikinsa nake biyan haya, daga cikinsa nake aika wa mahaifiyata kuɗin cefane, domin tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida, ƙannena suna makarantar sakandare, kuma ban taka ƙasar nan ba sai da aka sayar da gonar gado aka cika mini kuɗin jirgi da na biza. Saboda haka duk abin da zai ɓata sunana a wurin malamin da ke duba aikina ba ƙaramin abu ba ne a gare ni.

An ba ni aikin shirya rubutun wani dogon allo na nuni, wanda ya faro daga samuwar duniya kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, ya biyo ta zamanin dainoso, ya ƙare da tarihin Tailan daga Ban Chiang, wani daɗaɗɗen mazaunin mutane, zuwa zamunnan masarautun Sukhothai, Ayutthaya, Thonburi da Rattanakosin. Rubutun cikin harsuna biyu ne, Turanci da Tai. Don kada in rikita mai karatu, na kafa wa kaina ƙa'ida cewa kowace kalmar Turanci za ta sami kalmar Tai guda ɗaya daga farkon allon har ƙarshensa. Kalmomin na rabe-raben zamani ne, daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta: eon ya zama borommayuk, era ya zama mahayuk, period ya zama yuk, epoch ya zama samai, age kuma ya zama chuang ayu. Shekaru kuwa duk na ƙara 543 a kan lissafin Miladiyya, don su koma lissafin Buddha da ake amfani da shi a Tailan.

Malamin ya dawo mini da takardun cike da da'irori na jan biro ba tare da ya rubuta bayani ba, ya kuma tafi aikin haƙa a daji. Shin in sake aikin gaba ɗaya, ko in tsaya a kan ƙa'idata har ya dawo in yi masa bayani?

Dakta na Hat Yai:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗa mana waɗanne kalmomi aka kewaye ba, amma ba na buƙatar ganin takardar kafin in san inda ciwon yake. Tsanin da ka kawo daidai ne, sai dai na ilimin duwatsu ne kaɗai. A can ne borommayuk ya ƙunshi mahayuk, mahayuk ya ƙunshi yuk, yuk ya ƙunshi samai, kamar yadda Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Tsara Jerin Duwatsu ta jera eon, era, period, epoch da age. Mesozoyik, wato zamanin dainoso, mahayuk ne, daga kimanin shekara miliyan 252 zuwa miliyan 66 da suka wuce, kuma a cikinsa akwai yuk uku, wato Tirayasik, Jurasik da Kiretashiyos. Holosin da muke ciki samai ne, shekarunsa 11,700, kuma a 2018 aka raba shi uku, kashin ƙarshe shi ne Meghalayan wanda ya faro shekara 4,200 da suka wuce. Shi ne ake kira chuang ayu.

Da zarar ka sauko kan tarihin mutane, tsanin nan ya daina aiki a harsunan biyu. Bature yana kiran mulkin Sarauniya Biktoriya na 1837 zuwa 1901 era, alhali bai kai shekara 65 ba, kuma yana kiran zamanin dutse Stone Age, wanda ya haura shekara miliyan biyu, ga shi age ne mafi ƙanƙanta a tsanin duwatsu. Idan ka bi ƙa'idarka, to ka rubuta mahayuk Ayutthaya, ka daidaita masarautar da ta yi shekara 400 da 'yan kai, daga 1351 zuwa 1767, da zamanin da ya yi shekara miliyan 186. Babu ɗan Tailan da ke faɗar haka. Samai Ayutthaya suke cewa, samai Sukhothai, zamanin dutse kuma yuk hin, na tagulla yuk samrit, na ƙarfe yuk lek. Shi kuma era na lissafin kalanda wata kalma ce dabam, sakkarat, shi ya sa ake cewa Phutthasakkarat ga lissafin Buddha, Khritsakkarat ga Miladiyya, har Hijirarmu da kalmar sakkarat suke rubuta ta. Ka raba allon gida biyu, ka sake rabin ƙarshe tun daga tushe. Babu wata hanya bayan wannan.

Malama mai fassara:

Ɗana, ni ban san harshen Tai ba, amma na daɗe ina fassara littattafan makaranta zuwa Hausa, kuma abin da ya same ka ya sha samuna. An taɓa ba ni babi guda a kan tarihin ƙasa, na tarar kalmomin Turanci biyar sun jeru a gabana, mu kuwa zamani muke da shi, sai ƙarni da lokaci waɗanda ba su dace da wurin ba. Na yi ƙoƙari na ƙirƙiri babban zamani da zangon zamani, mai littafin ya goge su duka ya mayar da na Turanci, ya ce yara za su rikice, ya kuma rage mini kuɗin aiki a kan cewa na ɓata masa lokaci. Har yau abin yana ci mini rai, domin mutanen Tailan ma ai ba da waɗannan kalmomi aka haife su ba, daga Sanskirit suka aro yuga da samaya suka gina tsaninsu a kai, kuma suna da cibiyar masana ta masarauta wadda aikinta ke nan, ƙirƙirar kalmomi da fitar da ƙamus. Mu wa zai zauna ya yi mana?

Shawarata ita ce kada ka taɓa komai sai malaminka ya dawo. Wanda ya yi maka da'ira bai rubuta dalili ba, so yake ka je ka durƙusa ka tambaye shi. Idan ka gyara a bayan idonsa kana iya goge abin da yake so, ka bar abin da ba ya so.

Ɗalibi a Isan:

Na gode Dakta, na gode Mama. Amma Dakta, ina ganin ba ka dubi dalilina ba. Allon guda ɗaya ne, layi ɗaya ne miƙe daga hagu zuwa dama, kuma wanda ya karanta a gefen hagu cewa samai yana nufin epoch, idan ya iso gefen dama ya ga samai Ayutthaya a ƙarƙashin Ayutthaya era, me zai ɗauka? Haka kuma zamanin ƙanƙara, wanda suke kira yuk nam khaeng, ya faɗo ne a cikin Pilayistosin da ya gabaci Holosin, wanda shi kuma samai ne, ke nan yuk ya shiga cikin samai, tsanin ya kife. Wannan rikicin nake gudu, shi ya sa na zaɓi ƙa'ida ɗaya. Ban yi aikin da ka ba, na duba ƙamus kafin in rubuta kowace kalma.

Ɗan Agadas:

Sannu da ƙoƙari ɗan uwa. Ni da Faransanci na yi karatu, kuma a makarantarmu an koya mana ère, wato era, guda huɗu: primaire, secondaire, tertiaire da quaternaire. Da na je ƙaro ilimi a wata ƙasa mai amfani da Turanci, na rubuta a jarrabawa cewa Kwatanari era ne, malamin ya soke amsar gaba ɗaya, domin a jadawalin yanzu period ne a cikin Senozoyik, ya faro shekara miliyan 2.58 da suka wuce. Bai saurari bayanina ba, kuma makin nan ya ja ni baya a sakamakon shekarar. Ka ga ko tsakanin harsunan Turai biyu ma kalmomin ba su zauna wuri ɗaya ba, balle Tai.

Abin da ya fi damuna shi ne, duwatsun da kake karantawa a Isan 'yan uwan namu ne. Gadoufaoua, inda ake haƙo ƙasusuwan dainoso a hamadar Tenere, ta farkon Kiretashiyos ce kamar Phu Wiang ta can Isan, kuma dainoson nan namu Suchomimus da aka bayyana a 1998 dangi ɗaya ne da Siamosaurus. Su sun gina gidan tarihin dainoso na Sirindhorn a Kalasin da ke Isan, yaransu suna karanta sunayen zamunnan da harshensu, mu kuwa na kai ɗana wani wurin nuni, ban sami layi ɗaya na Hausa ko Tamashek da zan karanta masa ba. Ni dai da ni ne kai, mota zan hau in je Kalasin in ga yadda suka rubuta nasu allunan, in bi sahunsu harafi da harafi. Abin da gwamnatinsu ta kafa a bango, malaminka ba zai kewaye shi da jan biro ba.

Alhaji mai duwatsun ado:

Yaro, na daɗe ina kai duwatsu kasuwar Chanthaburi a Tailan, kuma abin da na ga kowa ya tsallake shi ne maganar 543. Idan shekarun yanzu ne babu laifi, 2024 ita ce 2567. Amma kafin 1941 shekararsu a ranar 1 ga Afrilu take farawa, sai gwamnatin Firayim Minista Phibun ta mayar da ita 1 ga Janairu, shi ya sa shekarar 2483 wata tara kawai ta yi. Ke nan takardar da aka rubuta wa Fabrairun 2470, a Miladiyya Fabrairun 1928 ce, ba 1927 ba. Ni wannan lissafin ya taɓa cin kuɗina ta wata fuskar, lokacin da wani dillali ya rubuta mini ranar biyan bashi da lambobi biyu kawai na shekara, muka yi ta jayayya a kan wace kalanda yake nufi, kuma da aka je gaban masu sasantawa ni baƙo aka ba rashin gaskiya.

Game da malaminka kuwa ban yarda da Malama ba. Mutanen nan ba sa son a tsare su da tambaya ido da ido, musamman babba a gaban ƙarami. Ka nemi wani ɗalibi ɗan ƙasa da ya girme ka a sashen, ka saya masa abinci, ka nuna masa takardun. Shi zai gaya maka abin da malamin ke nufi ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Dakta na Hat Yai:

Alhaji ya yi gaskiya a kan 1941, kuma akwai abin da bai ambata ba. Lissafin Buddha bai zama na hukuma ba sai 1913 a zamanin Sarki Vajiravudh. Kafin nan, daga 1889, Sarki Chulalongkorn ya kafa lissafin Rattanakosin wanda ya faro daga kafa Bankok a 1782, shi ya sa rikicinsu da Faransa na 1893 har yau da shekara ta 112 suke kiransa. Kafin wannan kuma akwai lissafin Chulasakkarat da ke farawa daga 638 Miladiyya. Duk wanda ya rubuta allon tarihin Tailan bai san waɗannan ba, bai shirya ba.

Amma maganar zuwa Kalasin ɓata kuɗin mota ne, domin gidan tarihin dainoso ne, matsalar yaron nan kuwa a ɓangaren masarautu take. Jiran malami ma ɓata lokaci ne. Ƙanena, hujjarka ta yuk nam khaeng ita ce hujjata: harshen mutane ba ya bin jadawalin hukuma, kuma ba ɗalibi baƙo ne zai tilasta masa ba. Ko masana da kansu a 2024 sun kaɗa ƙuri'a sun ƙi amincewa da Antroposin, wato zamanin tasirin ɗan Adam a kan duniya, a matsayin epoch, amma jaridu ba su daina amfani da kalmar ba. Ka ja layi mai kauri a inda tarihin mutane ya fara, ka sa ɗan bayani na jimla biyu a ƙarƙashinsa cewa daga nan ma'anar kalmomin ta canza. Sau nawa zan maimaita?

Ɗalibi a Isan:

Dakta, ina girmama iliminka, amma wurin da aka ware mini a allon ba zai ɗauki ƙarin bayani ba, an riga an auna shi. Alhaji, duk shekarun da na sa na manyan abubuwa ne kamar faɗuwar Ayutthaya a 2310 da juyin mulkin 2475, waɗannan kuwa haka suke a littattafansu, don haka ba na jin da'irorin a kansu suke. Ɗaliban da suka girme ni kuma duk sun bi malamin zuwa daji. Har yanzu ina ganin idan na zauna da shi na nuna masa cewa da gangan na daidaita kalmomin saboda yara, zai iya fahimta. Wataƙila in canza mahayuk Ayutthaya kaɗai in bar sauran yadda suke.

Malama mai fassara:

Ɗana, sai yanzu muka ji cewa allon na yara ne. 'Yan firamare ne ko 'yan sakandare? Kuma shi rubutun Turancin, kai ka rubuta shi ko ba ka aka yi? Idan naka ne, me zai hana ka cire era daga gefen Ayutthaya ka sa kalmar masarauta, ka huta? Sannan yaushe ne za a kai allon wurin bugawa?

Ɗan Agadas:

Dakta, ban yarda cewa zuwa Kalasin ɓata kuɗi ba ne, domin rabin allonsa na duwatsu ne, kuma bai gaya mana cewa babu jan biro a wannan rabin ba. Ɗan uwa, idan ka je, don Allah ka ɗauko mini hoton allon Kiretashiyos ɗinsu, ina so in gwada rubuta irinsa da Hausa.