Wa ya buga wannan tsaba ta Sarki Edward VIII?

Jama'a masu tara tsofaffin kuɗi, wata tsaba ta hana ni sakat. Gabanta hoton Sarki Edward VIII na Birtaniya ne da shekarar 1936, bayanta dabbar kangaru da sunan Ostiraliya. Faɗinta milimita 38, gefenta sumul, maganaɗisu bai kama ta ba.

Abin da ya ɗaure mini kai, sarkin ya yi murabus a Disamba 1936 kafin a saki kuɗi mai fuskarsa. Ko kwabbai masu huji na Afirka ta Yamma sunansa kawai suka ɗauka. Na fi zaton wani ɗan kasuwa ne ya buga ta daga baya. Yaya zan gano shi, in kuma tabbatar ko azurfa ce ba tare da na karce ta ba? Don Allah a taimaka.