Abin da aka tattauna kan hydroxychloroquine da lafiyar ido

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan wannan magani:

1. Baki ya zo ɗaya cewa hydroxychloroquine, da ake bai wa masu lupus (cutar da garkuwar jiki ke afka wa jikin mutum) da amosanin gaɓɓai, kan iya lalata bangon bayan ido idan an daɗe ana sha. Abin tsoron, da farko ba a jin komai, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa.

2. A duba ido a shekarar farko ta shan maganin, sannan duk shekara bayan an cika shekara 5. Karanta haruffan allo bai wadatar ba, sai an ɗauki hoton OCT (hoton bangon bayan ido da na'ura) an gwada faɗin gani. Masu ciwon ƙoda da masu shan tamoxifen (maganin kansar mama) su fara da wuri.

3. Kada a wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Wanda ya rame ya sanar da likita.

An rabu kan wurin gwaji: wasu sun fi son LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wasu asibitin kuɗi.

Wata 'yar'uwa daga Agege ta ce tsoro ya sa ta ajiye ƙwayar, yatsunta suka kumbura har ta kasa ɗaura zani. Mafi yawa sun ce, ni ma da su nake, kada a daina sha sai likita ya ce.