Wai har ɓera ya fi kanari amfani?

Mai Kanari: Wallahi yau raina ya ɓaci, wai wani ke ce min ɓera ya fi kanari amfani a duniya. Tsuntsun da har 1986 ana shiga da shi ramin haƙar kwal a Birtaniya, in iska mai guba ta taso shi ke fara galabaita mutane su fita da ransu, ga waƙa, ga shi yana kai shekara goma a keji, shi za a haɗa da abin da da ƙyar yake wuce shekara biyu?

Ɗalibi: Malam in dai waƙa ce ai ɓera ma yana yi. A 2005 masu bincike a jami'ar Washington da ke St. Louis sun nuna namijin ɓera yana rera wa mace, sautin ne ya yi siriri kunnenmu ba ya kamawa sai da na'ura.

Mai Kanari: Abin da ba a ji shi ne waƙa?

Maman Biyu: Tsuwa dai. Kanari sauraron manyan maza yake tun yana ƙarami, ya yi ta gwadawa yana gyarawa har tasa ta zauna, ɓera kuwa da kukansa aka haife shi.

Ɗalibi: Hajiya wa ya ce sai an koya take zama waƙa? Macen da yake yi wa ai tana ji.

Maman Biyu: Kai dai kullum sai ka kawo mana Turawa, ka taɓa jin ta da kunnenka?

Baban Yara: Ni duk wanda ya kulle tsuntsu don daɗin kunnensa ba shi da bakin magana a nan.

Mai Kanari: Haba Alhaji, nawa a keji aka ƙyanƙyashe shi, kullum ina canza masa ruwa in share ƙasan kejin, in na sake shi ina zai je? Ka fara tausayin ɓerayen da ake gwajin magani a kansu mana.

Baban Yara: Ba da kai nake ba, amma tunda ka tsargu shikenan.

Admin: Ya isa haka jama'a. Abin da na fahimta, kowa ya yarda kanari ne mai waƙa ta gaskiya tunda koyo yake, na ɓera kuwa kuka ne kawai, Ɗalibi bai kawo mana sautin mun ji ba. Maganar keji a buɗe mata wani post daban. Na rufe.