Abin da muka tattauna kan riƙe hankali wajen karatu

Jiya da la'asar mun zauna da 'yan ajinmu kusa da laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar ABU a Samaru, jarabawa ta matso kowa na kukan hankalinsa ba ya tsayawa kan littafi, ga abin da na tsinta.

Waya dai kowa ya yarda ita ce babbar matsala, kashe ƙararta bai isa ba, gara ka bar ta a ɗaki kawai.

Inda aka yi musu sosai shi ne tsarin Pomodoro, wato karatun minti 25 sai hutun minti 5, bayan zagaye 4 ka yi dogon hutu. Wasu sun ce ya taimake su, amma masu karanta lissafi suka ce kana tsakiyar warware tambaya agogo zai katse ka, su kam gara awa guda cur.

Wajen rubutu kuma wata 'yar'uwa daga harabar ABU ta Kongo ta nuna mana tsarin Cornell, ka raba shafi, tambayoyi a siririn gefen hagu, bayani a dama, taƙaitawa a ƙasa, in ka tashi bita sai ka rufe daman ka amsa da ka. Wallahi wannan ya fi kwanta mini, don kamar hadda ce a Islamiyya, sai ka rufe ka kawo kake gane inda ka yi rauni. Ja layi da biro mai kala kam kusan kowa ya ce ido ne kawai yake gamsuwa.

Lokaci ne ba a daidaita ba, wasu bayan asuba wasu tsakar dare.