"Ni" ko "mu": da wane baki mai sana'a shi kaɗai zai gabatar da kansa a shafinsa?

Mai Jaka: Assalamu alaikum. Don Allah ina so a raba min wata gardama. Jakunkunan kwamfuta nake ɗinkawa, ni kaɗai da kekena, kuma kwanan nan na buɗe shafin intanet don a riƙa yin oda ta can. Da aka zo wajen da zan gabatar da kaina, wanda ya taimaka min ya ce kada in kuskura in rubuta "ni". Wai da zarar mai saye ya gane mutum ɗaya ne, raina sana'ar zai yi ya wuce. Ga abin da ya rubuta min: "Mu kamfani ne mai kishin samar wa abokan cinikinmu kaya masu inganci. Gamsuwarku ita ce burinmu." Ya ce in bar zancen yadda na fara, hoto ma babu buƙata. Ni kuwa duk sanda na karanta sai in ji kamar rigar aro na sa. Gaskiyarsa ce?

Ɗan Talla: Wa alaikumus salam. Gaskiyarsa ce, ƙanwata, ko da ba za ki ji daɗi ba. Mai saye a intanet cinikin biri a sama yake yi. Bai taɓa jakar ba, bai ja zif ɗin ya ji ba, kuɗinsa kawai zai tura ya zauna jira. Abin da ke ransa ɗaya ne: kayana za su zo? Idan ya ga "ni kaɗai", lissafin da zai yi shi ne, ranar da ta kwanta ciwo fa, ko keken ya lalace? "Mu" na kwantar masa da hankali cewa akwai wani a baya. Kuma ma wa ke karanta shafin gabatar da kai? Tun 1997 Jakob Nielsen, wani mai bincike kan amfani da shafuka, ya gwada yadda mutane ke karatu a intanet, ya samu kashi 79 cikin ɗari ido kawai suke bi da shi, kashi 16 ne ke karantawa kalma bayan kalma. Ki sa layi biyun nan ki koma kan kekenki.

Mai Gina Shafuka: Ɗan Talla, ka ɗauko binciken ka bar rabinsa a hanya. A wannan aikin dai na 1997, Nielsen ya ɗauki rubutu guda ya sake shi salo-salo ya ba mutane. Wanda aka cika da kirari irin na 'yan talla shi ya zo ƙarshe. Da aka cire kirarin aka bar zallar bayani, sauƙin amfani da shafin ya ƙaru da kashi 27. Da aka rage yawan kalmomin zuwa kusan rabi, ya ƙaru da kashi 58. To "kishin samar da kaya masu inganci" a wane ɓangare ya faɗa?

Mai Jaka, ga gwajin da nake yi wa duk wanda ya kawo min irin wannan. Ki sa yatsa ki rufe sunan shafin, ki karanta layukan. Mai sayar da taya zai iya liƙa su a nasa? Zai iya. Mai gyaran haƙori fa? Shi ma. To ba ki gabatar da kowa ba. Mutumin da ya danna shafin gabatarwar ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, ya riga ya ga jakar, ta yi masa, yanzu yana laluben dalilin da zai yarda ya tura kuɗi. Su kaɗan ne, na yarda. Amma su ne masu sayen.

Hajiya: Bari in ba ku nawa, ni da ba karatun bincike na yi ba. Na taɓa yin odar labule daga wani shafi, ko'ina "mu", "ma'aikatanmu", "sashen kula da abokan ciniki". Kaya suka zo, launin da na zaɓa daban, wanda aka aiko daban. Na kira lambar sashen kula da abokan ciniki, wani yaro ya ɗauka ya ce zai miƙa ni ga sashen aika kaya. Na kira waccan lambar, wallahi muryar nan ce dai, har tarin da yake yi iri ɗaya. Na ce ɗana, ba kai ne na yanzu ba? Sai ya kashe. Da tun farko ya ce shi kaɗai ne ya yi kuskure, da na yi masa uzuri, don kuskure ba wanda ya fi ƙarfinsa. Amma tun daga ranar ko adireshin da ya rubuta ban ƙara yarda da shi ba.

Ɗan Talla: Hajiya, wannan ai rashin iya aiki ne, ba laifin "mu" ba.

Hajiya: "Mu" ɗin ce ta ba shi wajen ɓuya, ɗana. Mai cewa "ni" ba shi da sashen da zai tura ka.

Baban Yara: Ni ina bayan Mai Jaka, har ma na wuce ta. Labari ke sayar da kaya. Ki zauna ki rubuta komai, tun daga yarinta, wahalar da kika sha, yadda aka yi miki dariya, yadda kika dage. In da hali ki ɗan ƙara gishiri, kowa haka yake yi. Ba ku ji labarin eBay, shafin nan na saye da sayarwa, ba? Mai shi ya kafa shi ne don budurwarsa ta samu inda za ta riƙa musayar 'yan robobin alewar Pez da take tarawa. Irin wannan ne ke zama a kan mutane.

Mai Gina Shafuka: Yaya, ka kawo misalin da zai kayar da kai. Wannan labarin ƙirƙira ce. Wata ma'aikaciyar hulɗa da jama'a ta kamfanin ce ta shirya shi a 1997 don 'yan jarida su samu abin rubutawa, daga baya kuma aka tabbatar da hakan. Mai shi, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin a 1995 da sunan AuctionWeb, kuma cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar nuni ta leza da ta lalace. Abin dariyar shi ne labarin gaskiyar ya fi na ƙaryar daɗi, don Omidyar ya tuntuɓi mai sayen ya tabbatar ko ya san fitilar ba ta aiki, mutumin ya ce ya sani.

Ɗan Talla: To ka gani. An yi ƙaryar, an gano, eBay ya mutu?

Mai Gina Shafuka: Bai mutu ba, saboda lokacin da aka gano, miliyoyin mutane sun riga sun yi ciniki a can sun ga kayansu. Mai Jaka kuwa me take da shi? Maganarta kawai. In ta fashe ba ta da wani jarin.

Kuma Yaya, ko ba ƙarya, dogon tarihin nan ban goyi bayansa ba. Na sha ganin shafin da sai ka ja allo sau biyar kana karanta yadda mai shi ya yi firamare, ba ka kai ga abin da yake sayarwa ba. A nan Ɗan Talla na da gaskiya, mai saye ba tarihinka ya zo ji ba. Daga cikin labarinki, abin da zai shiga shi ne wanda ya bayyana me ya sa jakar take yadda take. Sauran ki ajiye wa jikoki.

Baban Yara: Wato a bar mutum ba rai ke nan, sai ka ce takardar rasit.

Ɗalibar Shari'a: Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangaren. Ana ta magana kamar zaɓi ne na salo kawai, alhali wani wajen doka ce. Tarayyar Turai tun shekarar 2000 ta wajabta wa mai kasuwanci a intanet ya bayyana sunansa, adireshin inda yake, da hanyar da za a same shi kai tsaye, har da imel. A Jamus shafin da ake zuba wannan bayanin sunansa Impressum, kuma rashinsa na iya jawo tara. A Ingila laifi ne ka liƙa wa sunan sana'arka kalmar da ke nuna kamfani ne mai rajista alhali ba ka yi rajistar ba. Amurka kuwa, a watan Oktoban 2024 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta fara aiki da ƙa'idar da ta haramta shaidar kwastomomi ta bogi, irin wadda mutum zai zauna ya rubuta wa kansa yabo da sunan wasu. Na faɗi wannan ne don mai "ƙara gishiri" daga labari yake farawa, ya gangaro kan shaidar. Anti Mai Jaka, kalmar "mu" ita kaɗai ba laifi ba ce. "Kamfani" ce nake so ki duba, in ba ki yi rajista a matsayin haka ba. Kowace ƙasa da dokarta, ki duba ta inda kike da ta inda masu sayenki suke.

Mai Jaka: Ban yi ba kam. Wannan ta fita. Amma hoton fa? Gaskiya ko da bai ce in cire ba, ni ma ba na son fuskata a waje. Na ga yadda ake yi wa mata, ki sa hoto don sana'a, saƙonnin da za su shigo ba na oda ba ne.

Mai Gina Shafuka: Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba wanda zai tilasta miki. Abin da na sani shi ne, a jami'ar Stanford, B.J. Fogg da abokan aikinsa sun fitar da shawarwari 10 a 2002 kan abin da ke sa a yarda da shafi, bayan bincike da mutane fiye da 4,500. A ciki akwai nuna cewa mutane na gaske ne a bayan shafin, da sauƙaƙa hanyar tuntuɓa. Nielsen kuma, da ya bi idon masu karatu da na'ura, ya ga suna tsallake hotunan ado da ake saya, irin na mutane sanye da kwat suna murmushi a gaban kwamfuta, amma suna tsayawa kan hoton ainihin masu aikin. Wato abin da ido ke nema shi ne na gaske. Hannunki a kan keke, almakashi a gefe, jakar da ba a gama haɗawa ba an juyo cikinta ana ganin soson da ke kare kwamfutar, duk wannan na gaske ne. Abin da zan hana ki shi ne ɗauko hoton wasu baƙi ki ce ma'aikatanki ne. Da Google ana iya bin sawun hoto a ga duk inda ya fito, cikin minti ɗaya asiri ya tonu.

Hajiya: Hannun ma ya fi. Ni in na ga hannun mai ɗinki na san ko ta iya.

Ɗan Talla: Duk na ji, amma ba wanda ya amsa min tambayata ta farko. Ranar da wani ofis zai so jaka 200 ya raba wa ma'aikatansa, ya buɗe shafin ya ga "ni kaɗai da kekena", ya tafi. Kun sa ta rufe wa kanta babbar ƙofa don ta burge masu sayen ɗai-ɗai.

Hajiya: Mai Jaka, jaka nawa kike gamawa a mako?

Mai Jaka: In ba wata hidima, takwas. Na matsa, goma.

Hajiya: To ɗana, ka lissafa. Jaka 200 wata biyar ke nan ko fi. In "mu" ta jawo mata wannan odar, ta jawo mata abin kunya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar da ta ɗauki yara biyu suna taya ta, sai ta koma "mu", ta faɗi ko su nawa ne.

Ɗan Talla: Ko kuma ta karɓi odar ta nemo masu taya ta. Haka ake girma, Hajiya. Ba wanda ya fara da ma'aikata kafin aiki ya zo.

Hajiya: Ta karɓa, amma su san da wa suke ciniki. In sun yarda su jira, ruwansu.

Mai Jaka: Na ɗan sake rubutawa yanzu, ku duba min:

"Ni ce mai ɗinka duk jakar da ka gani a shafin nan. Na fara ne bayan hannun jakata ya tsinke kwamfutata ta faɗi allon ya fashe, shi ya sa nake yi wa hannun kowace jaka ɗinki uku, nake kuma sa soso har a ƙasanta, ba a gefe kawai ba. Jaka takwas nake gamawa a mako, don haka odarka za ta ɗauki kwana 10 kafin in aiko. In ɗinki ya warware cikin shekara guda, ka dawo min da ita in gyara kyauta. Lambar da ke ƙasa ni ce nake ɗauka."

Mai Gina Shafuka: Yanzu ki rufe sunan ki gani ko mai sayar da taya zai iya ara. Abu ɗaya zan ƙara, ki faɗi girman kwamfutar da jakunkunan ke ɗauka, ko inci 13 ko 15, don tambayar farko ke nan da za a yi miki. Labarin faɗuwar kwamfutar dai ya faru ko?

Mai Jaka: Ya faru, Malam. Har yanzu tana nan da tsagar a kusurwa.

Baban Yara: To ki ɗauki hotonta ki sa mana! Wannan ai shi ne labarin da nake faɗa tun ɗazu.

Ɗalibar Shari'a: Gyara kyauta na shekara guda alkawari ne fa, Anti, in kin rubuta ya hau kanki. Ki fayyace wa zai biya kuɗin aikowa da mayarwa, don a nan rigima ke tashi.

Ɗan Talla: Ya fi na farko, ba zan yi musu ba. Amma da ni ne, "jaka takwas a mako" ba za ta shiga ba. Ki ce kwana 10 kawai ki yi shiru. Ba komai ake faɗa wa mai saye ba.

Hajiya: Ni kuma wannan layin ne zai sa in saya. Bar shi, 'yata.

Mai Jaka: To zan bar shi wata guda in ga irin saƙonnin da za su shigo. Kuɗin aikowa kuwa ban taɓa tunaninsa ba sam, bari in je in lissafa ko zan iya ɗauka.