Tambaya a kan Paulin Soumanou Vieyra da matsayinsa a tarihin fim na Afirka

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan yadda aka fara shirya fina-finai a ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa, kuma kusan duk inda aka ambaci Ousmane Sembène, shahararren mai shirya fim na Senegal, sai na ga an ambaci Paulin Soumanou Vieyra a gefensa. Wasu na kiransa masanin tarihin fim, wasu mai sharhi, wasu kuma mai shirya fim. Ina roƙon masana su bayyana mini wanene shi, da kuma dalilin da ya sa sunansa bai yi tashe kamar na Sembène ba, alhali ya riga shi fara aikin.

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam. Malam, dukkan sunayen nan uku sun dace da shi. An haife shi a Porto-Novo a 1925, lokacin ana kiran ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau. Yana da shekara 10 aka tura shi karatu Faransa, daga baya ya shiga makarantar koyon aikin fim ta IDHEC da ke Paris, ya zama ɗan Afirka ta kudu da Sahara na farko da ya kammala ta.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne halin da ya tarar. Tun 1934 akwai dokar da aka fi sani da sunan Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka sai da izinin hukuma, kuma izinin ba ya samuwa ga 'yan ƙasa cikin sauƙi. Da aka hana Vieyra da abokansa, irin su Mamadou Sarr, damar ɗaukar fim a gida, sai suka juya kyamararsu kan 'yan Afirka da ke zaune a Paris, suka yi gajeren fim mai suna Afrique-sur-Seine a 1955. Shi kuwa gajeren fim ɗin Sembène mai suna Borom Sarret bai fito ba sai 1963.

Bayan nan Vieyra ya koma Dakar, ya zama ɗan ƙasar Senegal, ya shugabanci sashen da ke ɗaukar labaran ƙasa a fim a zamanin Shugaba Senghor. Daga wannan kujera ce ya taimaka wa Sembène da wasu matasa da kayan aiki da ma'aikata, har ya riƙa kula da hidimar shirya wasu daga cikin fina-finan Sembène. A ganina, a nan amsar tambayarka take: ya kashe ƙarfinsa wajen share wa wasu hanya, shi kansa dogon fim guda ɗaya kawai ya yi, En résidence surveillée, a 1981. Ya rasu a Paris a 1987.

'Yar Damagaram:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ina ganin rubutunsa ya fi fina-finansa nauyi, kuma a nan ne ya kamata ɗan'uwanmu ya fi mayar da hankali. A 1972 ya fitar da littafi sukutum a kan Sembène, sannan a 1975 kamfanin Présence Africaine ya buga masa tarihin fim na Afirka daga farkonsa zuwa 1973. A wancan lokacin mafi yawan abin da ake rubutawa a kan fina-finan Afirka Turawa ne ke rubuta shi, da ma'aunin Turai suke auna su, fina-finan kansu kuma da wuya su shiga gidajen sinima na Afirka, domin kamfanonin Faransa ne ke riƙe da rarrabawa. Fim ɗin da aka nuna sau biyu a biki sannan aka kulle shi a akwati, in ba a rubuta sunan wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi ba, ya ɓace ke nan. Vieyra ya zauna ya tattara waɗannan bayanai tun masu aikin suna raye.

Ya kuma yi digirin digirgir a Paris a 1982 a ƙarƙashin Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, wanda mu a Nijar muka san shi sosai saboda daɗewar da ya yi yana ɗaukar fina-finai a ƙasarmu, kuma a wajen Rouch ɗin ne Oumarou Ganda, mai shirya fim ɗan Nijar, ya fara fitowa a fim.

Mai neman sani:
Na gode, Malam da Malama. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutumin da yake ma'aikacin gwamnati, abokin Sembène, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI, ta yaya zai yi adalci idan ya zo sharhi a kan ayyukan abokan tafiyarsa?

Tsohon malami:
Tambayar tana bisa hanya, kuma ba zan ce maka kusancin bai yi tasiri ba. Wanda ya sha wahalar neman kuɗin fim tare da kai da wuya ya yi maka kaca-kaca a takarda. Saboda haka ina ba ka shawara ka karanta hukuncinsa a kan kyawun fim da taka-tsantsan, ka gwada shi da na waɗanda suka zo bayansa. Amma a ɓangaren tarihi kusancin nan alheri ne, domin ya san nawa aka kashe, wa ya ba da rance, da wahalar aika fim Paris a wanke shi a dawo da shi, abubuwan da mai kallo daga nesa ba zai taɓa sani ba.

'Yar Damagaram:
Na yarda da Malam. Ɗan'uwa, idan kana son ganin aikinsa da idonka, ka fara da Lamb, gajeren fim a kan kokawar gargajiya ta Senegal, wanda aka zaɓa a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1964. Duk wanda ya taso yana kallon kokawa a ƙasar Hausa zai gane abin da ke faruwa a filin. Takardunsa da hotunansa kuwa iyalinsa sun miƙa su ga cibiyar adana fina-finan baƙar fata ta Jami'ar Indiana a Amurka, can ne masu bincike ke zuwa duba su.