Neman kalma: me za mu kira takardar da ke bin kaya a jirgin sama?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara bayani kan dokokin aika kaya ta jirgin sama daga ƙasa zuwa ƙasa, gobe da ƙarfe goma na safe za a karanta shi a rediyo. Kalma ɗaya ta gagare ni: air waybill. Na sa "rasidin kaya" na goge, na sa "takardar mallakar kaya", hankalina bai kwanta ba. A taimaka mini.

'Yar Rediyo: Wa alaikumus salam. Ai webil kowa ke cewa. Ka sa "webil na jirgin sama" ka wuce.

Wakilin Kaya: Ɗan'uwa, goge "mallaka" tun kafin ta shiga kunnen jama'a. Wannan ita ce takardar da nake cikawa kullum. Shaida ce cewa kamfanin jirgi ya karɓi kaya, kuma ita ce shaidar yarjejeniyar dako tsakaninsa da mai aikawa, amma ba ta mallaka wa kowa komai. Ta jirgin ruwa ce ake iya sa wa hannu a miƙa wa wani, kaya su koma nasa suna tsakiyar teku. Ta sama kuwa, wanda aka rubuta sunansa shi za a ba kaya. Rasidi kuma ya yi mata kaɗan, domin jami'in kwastam yana duba ta tare da takardar farashi da jerin kaya kafin ya yanke kuɗin fito. Lambobi 11 ne a samanta: uku na farko na kamfanin jirgin ne, na ƙarshe kuma don kama kuskure. Ni "takardar dakon jirgin sama" zan ce.

Tsohon Malami: Webil? Haba 'yata! A rediyo? Harshen da ya ɗauki jirgi na kan ruwa ya yi jirgin ƙasa da jirgin sama da shi, shi ne zai rasa sunan takarda guda? Ga shawarata: raka-kaya. Ginin Hausa ne tsantsa, irin na share-fage da dafa-duka. Aikinta ke nan, tana raka kaya daga inda aka yi lodi har inda za a sauke.

'Yar Rediyo: Baba, Allah ya ƙara girma, amma in na ce raka-kaya, mai sauraro zai zaci mutum ne, yaron da ke bin kaya.

Wakilin Kaya: Kuma yanzu sau da yawa ba ta raka kayan ma. Tun 1 ga Janairu 2019 IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta mai da takardar da ke cikin kwamfuta ita ce asali a hanyoyin da suka shirya. Bayanin ma kan riga kayan tashi: Amurka da Tarayyar Turai duk suna so a turo musu shi kafin a loda kaya a jirgi.

Tsohon Malami: To ita "takarda" taka, tana nan a cikin kwamfutar? Mun dai san abin da ake nufi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk kalmar da ta zo daga Turanci sai mu durƙusa mata. Faransawa nasu sunan suka yi, wasiƙar sufurin sama suke cewa da harshensu. Mu ne kaɗai marasa zuciya?

Ɗalibin Larabci: Allah gafarta Malam, Larabawa bulisa suke kiranta, kuma aro ce daga Italiyanci, bai rage musu komai ba. Haraji ma da muke ji kamar tamu, daga Larabci ta zo.

Tsohon Malami: Haraji ta yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, ta zama 'yar gida. Webil jiya ta zo. Kuma ku yaran yanzu kunyar Hausa kuke ji, shi ya sa.

'Yar Rediyo: Wannan maganar ta yi nauyi, Baba. Da Hausa nake ci, da ita nake sha, kullum ita nake karantawa. Abin da nake tsoro shi ne mai aika kaya ya je ofishin jirgi ya ce a ba shi raka-kaya, a tsaya ana kallonsa.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Ga wata kuma: bayanin ya ce iri biyu ce.

Wakilin Kaya: Haka ne. Wakili kan tara kayan mutane da yawa ya haɗa su lodi ɗaya. Kamfanin jirgi ya ba shi babbar takarda guda, shi kuma ya ba kowane mai kaya tasa ƙarama. Ka ce uwar takarda da 'yar takarda. Kuma ka kula da wurin diyya: a Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jirgin sama tsakanin ƙasashe, idan kaya suka ɓata ko suka lalace, bisa nauyin kilo ake ƙayyade iyakar abin da za a biya, sai fa in an bayyana darajarsu tun farko an biya ƙarin kuɗi. Saboda haka abin da aka rubuta a takardar nan ba wasa ba ne.

Tsohon Malami: Uwa da 'ya, wannan kam Hausa ce, na karɓa. "Dako" ma ba laifi, ko da yake ta yi tsawo, kalma huɗu a inda ɗaya ta isa.

Mai Fassara: To ga abin da na tsayar. A farko zan ce "takardar dakon jirgin sama, wadda aka fi sani da webil", daga nan sai "takardar dako" kawai. Na gode ƙwarai.

Tsohon Malami: Ka cire rabin nan na biyu, ɗana.

Mai Fassara: Sau ɗaya tak za ta fito, Baba.

Tsohon Malami: To, na ji, ban dai yarda ba. Ɗalibaina raka-kaya zan koya musu.